Ladi Kwali, Maginiyar Da Ta Zana Dabbobin Ƙasar Gwari A Jikin Tulu

Yau filinmu na tarihin mutanen da suka riga mu zai leƙa ƙasar Gwari, mu kawo muku labarin wata mace wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma babbar jami'ar Arewa ta sa mata hular dakta. Ba ta gaji sarauta ba, ba ta yi fatauci ba, ba ta kuma shiga siyasa ba. Yumɓu ne jarinta, ɗan tsinke ne alƙalaminta. Abin da take rubutawa kuwa shi ne ƙadangare da kunama da kifi da hawainiya, watau 'yan halittun nan da kowa ke gani a bayan gida da bakin rafi ya wuce bai kula ba. Wannan mace ita ce marigayiya Dakta Ladi Kwali, wadda ta rasu a shekarar 1984.

'Yan'uwanmu direbobi da fatake da ke hawa Arewa daga Ikko ko Badun ko Anacha ta hanyar Lakwaja sun san garinsu, ko da ba su taɓa tsayawa ba. In mutum ya wuce Abaji, kafin ya isa Gwagwalada, zai ratsa Kwali. Yanzu garin hedkwatar ƙaramar hukuma ce a cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. A zamanin da za mu faro labarinmu kuwa, ƙauye ne na manoman doya da dawa a cikin ƙasar Abuja, a Lardin Neja.

Gado Daga Hannun Mata

An haifi Ladi a Kwali wajen shekarar 1925. Mutanenta su ne waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su kuma suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. An san su da noma tuƙuru, da kuma ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a kai. A wurinsu ginin tukwane aikin mata ne, uwa ta koya wa 'ya, babba ta koya wa ƙarama. Ladi ta koyi nata tun tana yarinya a hannun wata babarta, 'yar'uwar iyayenta. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu ga yadda maginiyar Gwari ke aikinta, domin a nan ne tushen labarin yake. Ba ta da inji, ba ta da ma'auni. Takan haƙo yumɓu, ta jiƙa shi, ta cuɗa shi sosai har ya yi danƙo. Sai ta ɗora curi guda a kan wani abin ɗorawa, ta dunƙule hannu ta yi masa rami a tsakiya, ta riƙa jan gefensa sama tana zagaya shi. Tukunya tana tsaye wuri ɗaya, maginiya ce ke juyawa. In curin ya ƙare, sai ta mulmula wani yumɓun kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana shafewa, har ciki ya yi faɗi, kafaɗa ta rufo, wuya ya tashi. Da ɓawon ƙwarya ko katantanwa ko kwasfar ɗan itace take kankare ciki, da jiƙaƙƙen tsumma take gyara baki. In ta gama, ka rantse da awo aka yi da'irar, alhali kuwa ido ne da hannu kawai.

Bayan tukwane sun bushe, sai a jera su a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Gashin ba ya ɗaukar dogon lokaci. A wurare da dama na wannan yanki akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba, watau ruwan kwasfar ɗorawa, tun tana da zafi, ya ba ta duhu da ɗan ƙyalli. Haka ake samun tulu da randa da tukunyar girki da kasko, kayan da kowane gida ke bukata kafin zuwan roba da ƙarfe.

Duk matan Kwali sun iya wannan. Amma tun Ladi tana budurwa aka gane hannunta daban ne. Tulunta ya fi daidaito, zanenta ya fi tsabta, har sunanta ya fara ƙetare kasuwar ƙauye.

Yadda Take Zane

Akwai wani lokaci da tulu yake shan iska, ya daina laushi amma bai bushe ba, ya zama kamar jemammiyar fata. A wannan ɗan tsakanin ne kawai ake iya zane. In aka yi gaggawa yumɓu ya riƙa bin tsinke, in aka yi jinkiri ya riƙa ɓarewa. To, a lokacin ne Ladi kan ɗauki wani ɗan itace mai kaifi kamar wuƙa, ta ja layuka ta raba jikin tulun gida-gida. A cikin kowane gida sai ta karta dabba guda: nan ƙadangare ya baje ƙafafu kamar kana kallonsa daga sama a jikin katanga, can kunama ta ɗaga ƙari, gaba kifi, gaba tsuntsu, ko kada, ko maciji, ko hawainiya da naɗaɗɗiyar wutsiyarta. Ba ta fara zanawa a takarda, ba ta kwaikwayon hoto. Daga ka take ɗaukowa, hannu ya sauke.

Sa'an nan akwai kashi na biyu na aikin, watau bugu. Tana da 'yan guntayen itace da aka sassaƙa wa haƙora, da kuma murɗaɗɗiyar igiya. In ta ɗora ɗaya a jikin yumɓu ta gangara shi da tafin hannu, sai ya bar sawunsa a jere, iri ɗaya, kamar yadda hatimi ke barin alamarsa a takarda. Da wannan take cika cikin dabbar da ta zana, ya zama ɓawon kifi ko ƙyasbin bayan kada, da shi kuma take yi wa wuyan tulu da kafaɗarsa ɗamara.

Masu ilmin zane za su gaya maka wannan aiki ɗan'uwa ne ga wata tsohuwar sana'a ta Turai. Su can farantin tagulla suke shafewa da kaki, su karta zane da allura, su tsoma shi a wani ruwa mai cin ƙarfe ya zurfafa inda aka karta, sa'an nan su shafa tawada su danne takarda a kai, hoto ya fito. Shahararren mai zanen nan na ƙasar Holan, Rembrandt, da haka ya yi hoton wasu itatuwa uku a bakin gona a shekarar 1643, wanda har gobe ake yabo. A nan gida ma muna da irin su Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya kuma yi suna a buga hoto daga sassaƙaƙƙen faranti. Ladi ba ta san tagulla ko tawada ba, amma dabarar guda ce: ka dubi abin da Allah ya halitta a kewayenka, ka rage shi zuwa 'yan layuka kaɗan, ka karta su inda ba za su goge ba. Wanda ya taɓa kallon mai zanen ƙwarya yana aiki da wuƙarsa, ko magini yana yi wa bangon soro ado a birnin Zazzau, ya san irin natsuwar da abin ke bukata.

Bahaushe yana da karin magana a kan ƙadangaren bakin tulu, wanda in an kashe shi a fasa tulu, in an bar shi ya ɓata ruwa. Ga shi Ladi ta samo wa ƙadangare mazauni a jikin tulu, bai ɓata ruwa ba, ba a kuma fasa tulun ba. Hasali ma shi ya ƙara masa daraja.

Daga Fadar Sarki Zuwa Idon Bature

A nan sai mun yi wa yaran yanzu bayani, don kada su rikice. Abujar da muke magana a kanta ita ce garin da yau ake kira Suleja, a Jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa ta bayan sun baro Zariya a zamanin jihadi, kuma daga sunan Sarki Abu Ja garin ya samo sunansa. Daga 1944 zuwa 1979 Alhaji Sulaimanu Barau ne ke kan gadon sarautar. Tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, mutum mai son ci gaba, mai kuma sanin darajar aikin hannun talakawansa. Ya tara tulunan Ladi a gidansa don ado.

A shekarar 1950 wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zo yana zagaya Nijeriya bisa umurnin gwamnatin mulkin mallaka, domin ya binciki halin da sana'ar ginin tukwane ke ciki. Shi kansa magini ne na gaske. An haife shi a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Okusfod, amma ya je ya zama almajirin wani babban magini mai suna Bernard Leach. Ya kuma yi aiki a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, tun daga 1942. Da ya iso fadar Sarkin Abuja ya ga tulunan nan, sai suka tsaya masa a rai, ya riƙe sunan mai su.

Abin da gwamnati ke so shi ne a riƙa yin tangaran a cikin ƙasa, irin su faranti da kofi da butar shayi, don a rage sayowa daga waje. Cardew kuwa ya nuna a rahotonsa cewa tukwanen gargajiya sun dace da bukatar masu su, bai kamata a ce za a gyara su ba, sai dai a kafa sabuwar sana'a a gefensu. Aka naɗa shi jami'in kula da ginin tukwane, ya zaɓi Abuja saboda tana da yumɓu mai kyau, da itacen wuta, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Tsakanin 1951 da 1952 aka gina makarantar koyon ginin tukwane, aka fara aiki. Ɗaliban farko duk maza ne. A cikin waɗanda suka yi suna a wurin akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa da Hassan Lapai.

Mace Ta Farko A Makaranta

A shekarar 1954 Ladi ta baro Kwali ta shiga wannan makaranta, ta zama mace ta farko a cikinta. Lokacin ta kusa shekara talatin, kuma ta riga ta zama gwana a sana'arta. Ba ƙaramin abu ba ne gwani ya yarda ya koma ɗan koyo, balle mace ita kaɗai a tsakiyar maza, a garin da ba nata ba.

Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda wannan karon yumɓu ne ke zagayawa, magini yana zaune. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake yi da garin duwatsu da toka da yumɓu, wanda in ya sha wuta yakan narke ya zama kamar gilashi. Ta koyi gashi a cikin rufaffen tanderu, inda zafi kan haura digiri 1,200. Ta yi faranti da kwano da kofi da tulun mai, kuma ko a nan ba ta rabu da dabbobinta ba. Takan tsoma faranti a cikin kunun jar ƙasa ko farar ƙasa, in ya ɗan sha iska sai ta ɗauki ƙayar beguwa ta karta zane, launin da ke ƙasa ya bayyana. A gindin kowane abu akan buga hatimi biyu: ɗaya mai haruffan sunanta na boko, L da K, ɗaya kuma mai sunan Abuja da rubutun ajami.

Amma abin da ya ɗaukaka ta ya fi wannan. Ba ta yar da ginin hannu na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna kamar yadda babarta ta koya mata, tana zagayawa, tana karta kunama da kifi. Sai dai yanzu da yumɓun makaranta take yi, mai jure babbar wuta. A cikin ramukan zanen akan cusa farar ƙasa, a shafe saman, a zuba ruwan ƙyalli mai garai-garai, a sa a tanderu. In an fito da tulun, sai ka ga jikinsa ya yi duhu mai sheƙi, dabbobin kuma sun fito da haske daga ƙarƙashin ƙyallin, kamar kifi a cikin ruwa mai tsabta. Kafin ita ba a taɓa ganin irin wannan haɗi ba: siffa da zane na Gwari, wuta da ƙyalli na baƙi.

Zuwanta ya buɗe wa wasu mata ƙofa. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Aka ware musu ɗakin aiki nasu, wanda aka riƙa kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan tuluna da hannu.

Riba Da Hasara

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye ta ba: sabon tulun ya sami kyau, amma ya rasa aikinsa. Kowa ya san abin da ya sa ruwan randa ke da sanyi. Tukunyar da aka gasa a ƙaramar wuta tana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Wannan sakin jiki na yumɓun shi ne kuma ya sa tukunyar gargajiya ke zama a kan murhu ba ta fashe ba. To, in aka gasa yumɓu a babbar wuta aka rufe shi da ƙyalli, ƙofofin nan duk sun toshe. Tulun ya yi nauyi ƙwarai, ba ya sanyaya ruwa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin matar ƙauye.

Saboda haka tulunan da suka kai sunan Ladi duniya ba su koma gindin bishiya ko ɗakin girki ba. Sun tafi gidajen Turawa da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi. Masana har yanzu suna muhawara a kan wannan. Wasu na ganin an raba sana'ar da masu ita, an mai da kayan amfani kayan kallo. Wasu kuma na ganin ba don haka ba, da aikin matan Gwari ya ƙare a ɓaraguzai a bayan gari, ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ba a musu a kai shi ne, a ɗakin nan na Abuja koyarwa ta tafi ta hanya biyu. Bature ya kawo tanderu da faifai, Ladi ta kawo siffa da zane da hannu, kuma abin da duniya ta fi yabawa shi ne wanda ya fito daga Kwali.

Tafiya Mabuɗin Ilmi

A 1958 aka kai kayan makarantar Abuja wani gidan nuni a birnin Landan mai suna Berkeley. Aka sake a 1959 da 1962. Tulunan Ladi su suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta nuna yadda ake gini a makarantun zane, har da na garin Farnham, da kuma ma'aikatar Cardew da ke Wenford Bridge. Ta yi irin wannan nuni a Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani magini ɗan Gana, Kofi Athey, suna bin jami'o'i da makarantu.

Ku dubi abin da ake taruwa a kalla. Mace ce da zanenta da ɗankwalinta, da curin yumɓu a gabanta, da 'yan tsinkayenta da guntun igiya. Ta sunkuya ta fara zagayawa, kafin wani lokaci tulu ya miƙe a gaban malamai da ɗaliban da suka saba da injuna. Ba ta bukatar dogon Turanci, gani ya kori ji. Abin da ake yi a bayan ɗaki a Kwali, wanda ba wanda ke ɗauka ilmi ne, shi ne manyan makarantu suka shimfiɗa wa tabarma.

Har ila yau, masu neman ilmi sun biyo ta gida. A 1974 wata ɗaliba 'yar ƙasar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da sauran matan. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan magina na duniya, kuma ba ta taɓa ɓoye inda ta sha wannan ruwa ba.

Girmamawa Da Rasuwa

A farkon shekarun 1960 Sarauniyar Ingila ta ba Ladi lambar girma ta MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a fagen ilmi da fasaha, ta zauna sahu ɗaya da manyan shaihunan malamai. A 1981 aka ƙara mata da lambar OON. A farkon shekarun 1980 kuma aka sa wa makarantar da ta yi wa aiki sunanta.

Cardew ya rasu a 1983. Ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, tana da kimanin shekara 59. Ayyukanta suna ajiye a manyan gidajen tarihi, kamar gidan Victoria da Albert a Landan, da gidan kayan fasahar Afirka na Smithsonian a birnin Washinton. A Abuja ta yanzu akwai titi mai sunanta a unguwar Wuse. A ranar 16 ga Maris, 2022, kamfanin Google ya sa hotonta a shafinsa na farko don tunawa da ita, kuma a wannan shekarar aka nuna tulunanta a wani babban baje koli a Landan tare da ayyukan matan da suka biyo bayanta.

Ga wani abin lura. A watan Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Kwali ta faɗa cikin sabon yankin. Gwamnati ta tare a can ranar 12 ga Disamba, 1991. Amma shekara 18 kafin dokar Murtala, sunan Abuja ya riga ya isa Landan, a buge da ajami a gindin tukwane. A 2007 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar takardar naira 20 ta leda, sai ga Murtala a gaba, Ladi a baya tana gini. Ita ce mace tilo da aka san sunanta a cikin waɗanda hotonsu ke jikin naira.

Abin Da Ya Shafe Mu

To, 'yan'uwa mazauna Kurmi, me za mu ɗauka a wannan tarihi? Na farko, akwai maganar baki. Mun sani a cikin Hausarmu akan yi amfani da kalmar Gwari don zolaya, a jingina ta ga wanda bai gane abu ba ko bai iya magana ba. Mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Obalende da Sabon Badun da Sabon Shagamu mun san ɗacin a kira mutum da suna don raini, a ɗauka duk wanda ya fito daga Arewa bai san komai ba. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya shayar da wani ba. Bagwariya ce ta tsaya a gaban jami'o'in Amurka tana koyarwa, kuma hotonta ne muke miƙa wa mai ruwa da mai goro.

Na biyu, maganar sana'a. Da yawa daga cikinmu mun sauko nan da wani abu a hannu: dukanci, ko ɗinkin hula, ko saƙa, ko ƙira, ko sassaƙa, ko gashin tsire da kilishi. Sau da yawa mukan ji kunyarsa, mu hana 'ya'yanmu koya, muna cewa boko kaɗai ne mafita. Boko wajibi ne, ba mai musu. Amma Ladi ta nuna cewa mutum na iya shiga baƙon wuri, ya koyi sabon abu da zuciya ɗaya, bai kuma zubar da abin da ya zo da shi ba. Da ta ajiye ginin Kwali ta tsaya ga faranti da kofi, da ta zama ma'aikaciya ɗaya cikin ma'aikata. Da kuma ta ƙi tanderu da faifai, da tulunanta sun ƙare a kasuwar ƙauye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda za a zuba ta.

Na uku, maganar riƙo. Bayan rasuwarta aikin makarantar Suleja ya yi rauni, jaridu kuma sun sha kokawa a kan yadda aka bar gine-ginenta da tanderunta suka lalace. Roba da ƙarfe sun ture tulu daga gidaje da yawa, har akwai yaranmu da aka haifa a nan Kudu waɗanda ba su iya bambanta tulu da randa ba. Duk da haka wutar ba ta mutu ba. Mata na ci gaba da gini a ƙauyukan Gwari, kamar Ushafa, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a shekarar 2000. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja da hukumar Babban Birnin Tarayya su kula da wannan gado kulawa mai ɗorewa, domin sa wa titi suna ba ya koya wa yarinya ko ɗaya riƙe yumɓu.

Mu kuma namu mai sauƙi ne. In Allah ya kai mu gida ta wannan hanya, a tsaya a sayi tulu ko kasko daga hannun maginiya, a biya ta ba tare da tayin wulaƙanci ba. A nuna wa yara zanen da ke jiki, a tambaye su wace dabba ce wannan, a gaya musu sunan matar Kwali da ta kai irinsa ƙasashen duniya. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, ya kuma kai matafiya gida lafiya.